Sabon zuwa Kano: inda ake ci, da abin da ya kamata a gani

Duk shekara Kano tana karɓar baƙin da zama ya kawo su: ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, amaryar da aka kawo daga Gusau ko Maraɗi, yaron da aka turo koyon kasuwa a Kwari. Kaɗan ne daga cikinsu suke sauka a cikin birni. Haya ta fi samuwa a Hotoro, Na'ibawa, Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Sheka ko Kurna, kuma mutum yana iya shafe shekaru yana kai-komo tsakanin ɗakinsa da wurin aikinsa bai taɓa sa ƙafa a kasuwar Kurmi ba. In aka tambaye shi abincin Kano, sai ya ambaci shagon kaza da shinkafa na bakin titinsu, irin wanda ake samu a kowane gari.

Dalili kuwa shi ne, yawancin abin da ya sa Kano ta yi suna ba shi da allo a ƙofa. Mai wainar da unguwa take taƙama da ita ba ta rubuta sunanta a ko'ina ba, kuma in ka zo bayan hantsi ba za ka tarar ko da kaskonta ba. Don haka baƙo yana buƙatar ya san abu biyu kafin ya fara yawo: a wace unguwa ake yin abu, kuma a wane lokaci.

A fara da shimfiɗar garin. Akwai cikin birni, wato abin da badala ta kewaye, inda fadar sarki da Kurmi da tsofaffin unguwanni suke. Akwai Fagge a bakin ganuwa, tsohon masaukin fatake, inda 'yan canjin Wapa suke, Kantin Kwari kuma na nan kusa. Akwai Sabon Gari, wanda aka kafa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka zaunar da ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Akwai Nasarawa da Bompai, inda Turawan mulki suka zauna, yanzu kuma manyan gidaje da otal-otal. Saura duk sababbin unguwanni ne da suka bazu zuwa Kumbotso da Ungogo. Kowane ɓangare da irin tukunyarsa.

Da asuba gari na masu koko da ƙosai ne da masu waina. Ana fara suya bayan an sauko daga masallaci, kuma kafin ƙarfe tara mai kyan ta ƙare. Wainar shinkafa ana cin ta da miyar taushe ko da ƙuli da yaji, wasu kuma da zuma ko sukari. Da hantsi ɗanwake yake fitowa, da mai da yaji da ƙwai in da hali. Abinci ne mai riƙe ciki, shi ya sa masu aikin ƙarfi suke son sa. Da rana sai garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, da dambu da zogale, da kuma fura da nono ga wanda zafi ya hana shi cin abu mai nauyi. Masu awara sun fi fitowa da la'asar. Mahauta kuwa sai rana ta yi sanyi suke jera tsire a bakin wuta, balangu yana biye, har dare ya raba. Mai shayi shi ne na ƙarshen tashi, kuma teburinsa ne wurin da gwauron da bai san kowa ba ya fi saurin samun abokin hira. In ka zauna a teburi ɗaya dare uku a jere, za ka ji wanda ya fi iya tsire a yankin, da mai gyaran wutar da ba ya cuta, da layin da ba a bi bayan isha'i.

Gurasa ita ce abin da bai kamata a bar Kano ba a ci ba, kuma ita ce baƙi suka fi yi wa gurguwar fahimta. Wanda ya saye ta busasshiya a tasha ya gutsura, sai ya ce burodi ne mara daɗi. Ba haka ake cin ta ba. A tanderu ake gasa ta, a manna ƙullun a jikin tukunyar ƙasa mai zafi, kuma Jakara ce unguwar da ta yi suna da ita. Mata ne suke yi a cikin gidaje, dillalai su ɗauka su rarraba cikin gari. Idan za a ci, sai a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir, a sa yaji. Wannan shi ne bandashe. Wasu kuma suna ɗora ta a kan wutar mai tsire ta sha man nama, a naɗe ta tare da tsiren. Kanawa suna danganta zuwanta da Larabawan da suka zauna a birnin tun zamanin fataucin Sahara, haka ma alkaki. Wanda ya bi ta Alfindiki da Dandalin Turawa, unguwannin da waɗannan fatake suka zauna, ba zai yi mamakin wannan magana ba. Kilishi kuwa a tambayi Agadasawa, kuma a ɗanɗana kafin a biya. Mai kilishin kirki shi da kansa zai miƙo maka ɗanɗano.

Akwai wani abu da baƙo zai lura da shi nan da nan. Tuwo mai kyau, da funkaso da alkubus da sinasir, a gida aka fi yin su. A al'adar birni magidanci ba ya son a gan shi yana cin abinci a bakin titi. Nasa yana fitowa daga cikin gida, a haɗu da maƙwabta a ƙofar gida ko a zaure a yi ciyayya, kowa da kwanonsa. Wannan ya sa gidajen abincin gargajiya ba su kai yawan da mutum zai zata ba a gari mai wannan girma, ko da yake abin yana sauyawa. Yanzu mata da yawa suna girki a gida suna tallatawa ta WhatsApp da Instagram, a kawo maka har ƙofa a kan babur, kuma sau da yawa hannunsu ya fi na shago. Amma hanya mafi sauƙi ta ɗanɗana girkin Kano na ainihi ita ce maƙwabtaka. In ka tare a sabon gida, ka shiga ka gaida na dama da na hagu, ka riƙa sallah a masallacin layin. Ba za a daɗe ba yaro zai yi sallama da kwano a hannu, ya ce in ji Hajiya. Ka karɓa, ka yi godiya, kuma kada kwanon ya koma haka nan. Ko lemo ne ko sabulu a saka a ciki. Amare sun fi kowa cin moriyar wannan, don ta nan ake sanin wace maƙwabciya ce za ta raka ki kasuwar Rimi ta nuna miki mai daddawar kirki.

Ga mai son zama a kan kujera a kawo masa takardar abinci, Nasarawa da Bompai da titin Gidan Zoo su ne wuraren. Kano tana da tsohuwar al'ummar Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya, waɗanda suka zo tun farkon ƙarni na 20 suka shiga cinikin gyaɗa da yadi, don haka shawarma da gasasshen nama irin nasu ba baƙin abu ba ne a garin. Akwai kuma gidajen abincin Indiya da na Sin. A irin waɗannan wurare a duba takardar kuɗi da kyau, domin farashin da aka rubuta ba lallai ne ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ba, wasu kuma suna ƙara kuɗin hidima a kai. Tambaya kafin a ci ba abin kunya ba ce.

Wanda ya yi kewar sakwara da miyar agushi, ko amala, ko farfesun kifi irin na kudu, Sabon Gari zai nufa. Can ne kuma ake samun shagunan da suke sayar da giya tare da abinci, abin da dokar jihar ta hana, kuma Hisbah takan kama. Mai iyali ya leƙa ya ga yanayin wuri kafin ya shigar da matarsa da 'ya'yansa. Da azumi kuma lissafin gaba ɗaya yana juyewa: yawancin masu abinci a unguwannin Musulmi ba sa buɗewa da rana, sai dab da magariba gari ya cika da ƙosai da kunu da soyayyen dankali, a yi ta ciniki har sahur.

Maganar tsafta gajeriya ce. Ka ci inda layi yake, domin abincin da ake rububinsa ba ya kwana. Ka fi son abin da aka sauke daga wuta a gabanka, tsire kuma a mayar da shi kan garwashi ya yi zafi kafin a yanka. Da damina, lokacin da amai da gudawa ya fi yaɗuwa, a yi hattara da ɗanyen ganye da kayan sha na ƙulli waɗanda ba a san da wane ruwa aka haɗa su ba. A 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Zoɓo da kunun aya suna da daɗi, amma a saya a hannun wanda aka sani. Cikin baƙo kuma yana buƙatar mako ɗaya ko biyu kafin ya saba da yajin garin.

In an ƙoshi, sai yawo. Ni dai shawarata a fara da Gidan Makama, ko da yake mutane sun fi ɗokin hawa dutsen Dala. Gidan yana kusa da fadar sarki, ginin ƙasa ne mai kaurin bango da rufin azara, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zuwan Turawa a 1903, da bayanin yadda aka faɗaɗa ganuwa daga zamani zuwa zamani tun da Sarki Gijimasu ya fara ta a ƙarni na 12. Awa ɗaya a nan tana sa duk abin da za ka gani daga baya ya zauna maka a kai. In ka fito, ga Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, wato fadar sarki, ga kuma babban masallacin Juma'a da aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Fada gidan mutane ne, ba a kutsa kai. A tsaya inda dogarai suka ce a tsaya, a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Kurmi ita ma Rumfa ne ya kafa ta, kuma har yau tana ci. Ita ce kasuwar da Bature Heinrich Barth ya gani a 1851 ya yi ta mamakin yadda tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Lungunanta matsattsu ne, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, kuma kowane layi da sana'arsa: dukawa masu jaka da takalmi, masu sirdi da linzami da kayan adon doki, masu littattafan addini da allo da tawada, masu turare, masu kanwa da kayan yaji, masu ƙwarya da akushi. Wanda ya shiga shi kaɗai zai ɓata, wannan babu makawa, amma matambayi ba ya ɓata har abada. Abin da ya fi shi ne ka samu ɗan gari ya raka ka karon farko. Ka yi sallama, ka gaisa kafin ka tambayi kuɗin kaya. Dattijo a ce masa Baba ko Alhaji, sa'a kuma Malam. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saya, domin in ka taya aka ce an sallama, janyewa rashin mutunci ne. In an ce albarka, to ka ƙara ko ka yi gaba ba tare da ɓacin rai ba.

Ya kamata baƙo ya gane cewa kasuwannin Kano rabe suke bisa kaya, kuma sanin wannan yana rage masa asarar kuɗi fiye da iya ciniki. Atamfa da shadda da leshi a Kwari. Shinkafa da sukari da taliya da sabulu na sari a Singa. Hatsi da wake da riɗi a Dawanau, a hanyar Katsina, inda manyan motoci suke lodi zuwa Nijar da kudancin ƙasa. Tumatir da attaruhu da albasa a 'Yankaba, 'ya'yan itace a 'Yan Lemo ta Na'ibawa, kayan gini a Ƙofar Ruwa, waya a Farm Centre. Mai sabon gida da ya sayi komai a shagon bakin layi zai biya kuɗin motar wanda ya je waɗannan wurare, har da ribarsa.

Marinar Ƙofar Mata tana bakin titi, ba ta da wuyar samu, kuma masu ita suna lissafa kafuwarta daga 1498. Ramuka ne masu zurfi da ake jiƙa baba da toka a ciki har ruwan ya nuna, sannan a riƙa tsoma yadi ana ɗagawa ya sha iska. Iskar ce take mayar da shi shuɗi, kuma yawan tsomawa shi ne duhun launi. A gefe akwai masu bugu, waɗanda suke dukan yadin da manyan sanduna a kan gungume har ya yi sheƙi. Gaskiyar magana, ramuka da yawa sun bushe, domin yadin kanti da rinin zamani sun karya kasuwar. Waɗanda suka rage sana'arsu suke yi, ba wasa suke nunawa ba. In ka tsayar da mutum ya yi maka bayani, ka ɗauki hoto, to ka sayi ko ɗan ƙyalle ne, ko ka ba da wani abu na goro.

Dala kuwa a hau ta da sassafe, kafin dutse ya ɗauki zafi. An yi matakala, hawan ba shi da tsawo, amma mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa. Nan ne tarihi ya ce Barbushe yake hawa wurin Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda, kuma a gindinta aka samu alamun tsohuwar sana'ar narkar da ƙarfe. Daga sama ana ganin Goron Dutse a yamma, da hasumiyoyin babban masallaci, da yadda rufin kwano ya cinye rufin soro. Kada a zata za a tarar da wurin shaƙatawa mai kujeru da masu gadi; wurin yana buƙatar kulawa fiye da wadda yake samu. A je da ɗan unguwa, a je cikin mutane, kuma a sauko kafin magariba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe garin har ba a ganin nesa, don haka bayan damina ne ya fi kyan kallo.

Ganuwa ita ce abin takaici. A wurare da yawa an yanka ta an yi gidaje da shaguna, wani wurin kuma an ɗebe ƙasarta. Wanda yake son ganin abin da ya saura ya bi titin Jami'ar Bayero (BUK) ta wajen Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya zuwa Kabuga. Ƙofofin da yawa an rushe su an sake ginawa da siminti don titi ya samu faɗi.

Wurare biyu da ba a cika kai baƙi ba sun cancanci rabin yini. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa shi ne gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Kano a 1909. Ginin ƙasa ne mai ado, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Gidan Mambayya a Gwammaja kuma gidan Malam Aminu Kano ne, wanda ya rasu a 1983, kuma can kabarinsa yake. Jami'ar Bayero ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ganin ƙanƙantar ɗakunan da ya zauna a ciki ya fi dogon jawabi bayyana irin siyasar da ya yi.

Mai yara zai kai su Gidan Zoo na Audu Bako, wanda yake cika maƙil a ranakun sallah; in ana son a ga dabbobi a natse, a je ranar da ba biki. Mai son ƙwallo ya je filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars take wasa a gida. Ƙungiyar ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma magoya bayanta ba sa wasa da ita, don haka baƙo ya bar rigar wata ƙungiya a gida. Hawan sallah shi ne babban abin kallo: Hawan Daushe washegarin sallah, Hawan Nasarawa a rana ta uku, sannan Hawan Ɗorayi a ƙaramar sallah ko na Fanisau a babba. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a Disambar 2024. Sai dai tun da rikicin sarautar Kano ya taso a 2024 an sha dakatar da hawan saboda tsaro, don haka a saurari rediyo kafin a gayyato 'yan uwa daga nesa.

Duk wannan yawo a adaidaita sahu za a yi shi, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin gari tun 2013. A faɗi inda za a je a daidaita kuɗi kafin a shiga, kuma a bambance tsakanin hawa tare da sauran fasinjoji da ɗaukar shata, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwacen waya matsala ce ta gaske, musamman da dare da kuma wuraren cunkoso. A bar ta a aljihu in ana bakin titi. A riƙe 'yan canji a hannu, domin ko da yake masu shago da yawa suna karɓar tiransifa, mai ƙosai da ɗan adaidaita sun fi son tsaba. Ranar Juma'a daga azahar ana rufe tituna a kewayen manyan masallatai, kasuwa ma takan yi sanyi sai an sauko. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma ta tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, don haka wanda ya shirya fita zuwa madatsar ruwa ta Tiga ko duwatsun Rano a ranar, sai ya jira a buɗe hanya.